Tururuwa a Ƙoƙon Rubutu

Da sunan Allah. Zuwa ga Yaya Malam Attahir a Belbeji, daga ƙanwarka Sakinatu, a tungarmu ta gefen Gangara.

Ka yi mini gafara da na ɗora maka wahalar karanta wannan tarkace, ga idonka ba kamar da ba, ga rubutuna da bai taɓa miƙewa ba tun muna gaban Baba. Ba don kowa na rubuta su ba. Ragowar takardun marigayi Malam maigidana ne na samu a gafaka, nake zuba abin da ya hana ni sukuni. Na so in yi maka wasiƙa mai tsari, na fara na kasa. Sai na ga gara in aiko su yadda suke, ban goge komai ba. 'Yarka Kaltuma tana wurinka, ɗanta yana wurina. Sauran ka gani da kanka.

Alhamis, da hantsi. Farkon watan bayan Gani, shekara ta 1344.

Jikana bai riƙe nonon safe ba. Sunan Yaya aka sa masa, shi ya sa nake ce masa Maisuna.

Tun kafin arba'in yake haka. Ya kama nono kamar mai yunwar shekara, can sai ya saki, ya banƙare baya, ya yi ta tsala kuka. Da an kwantar da shi abin ya dawo ta baki, wani lokaci har ta hanci, fari, gudaji-gudaji, da warin tsami. Da fari mun ce tumbuɗi ne, kowane jariri yana yi, har mata na cewa mai tumbuɗi shi ke ƙiba. Wannan bai yi ƙiba ba. Na duba da kyau: babu kore a ciki, babu jini, jikinsa ba zafi, ba ya zawo. Amma zaren layar da aka ɗaura masa a wuyan hannu ranar suna, wanda ya kamata a ce ya matse an sake wani, yanzu juyawa yake.

Jiya Laraba aka yi abin da aka yi. Iya Balki ungozoma ta zo, matan unguwa suka taru. Aka tatsi nonon uwar a ludayi, aka jefa tururuwa, yadda aka saba: in ta fita nono lafiya, in ta mutu ba kyau. Ba ta fita ba. An raba su. Kaltuma ta koma ɗakin da muke ajiye ƙore, tana shan jiƙo tana tatsewa a ƙasa har nonon ya gyaru. Tata matar maƙwabcinmu, mai goyon 'ya mace, ta yarda za ta riƙa shayar da shi.

Kaltuma ta naɗe tabarmarta ta koma can. Yarinyar nan akwai kunya. Ɗan fari ne, kuma tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa ganin ta kalle shi a gaban mutane, balle ta ɗauka. Ni na koya mata. Uwarta ta rasu, ga ni gwaggo ga ni uwar miji, wa zai koya mata in ba ni ba? Mijin nata, wanda ni ma ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi, yana Agadas da ayarin hatsi. Gara da ba ya nan.

Juma'a, da magariba.

Bai riƙe ba.

Asabar, bayan la'asar.

Sussuka ta sha kan Tata, ba ta iya zuwa sai da safe, da rana, da yamma. Kafin ta zo ya galabaita da kuka, sai ya sha har cikinsa ya cika tam. In karɓe shi in shimfiɗe a tabarma don ya huta. Ba a daɗe.

Yau ta dube shi ta dubi tabarmar, ta ce, "Inna, wannan mijin naki ba ya cin amana. Duk abin da aka ba shi ajiya sai ya maido, har da ƙari." Na yi dariya don kada ta ji kunyar maganarta.

Na rubuta a nan don kada a manta: ya sha nonon Tata, shi da 'yarta Hadiza babu aure har abada.

Iya Balki ta ce ragowar mugun nonon ne a cikinsa, sai an wanke da dauri. Ta kwantar da shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta ɗura. Ni na riƙe ƙafafun.

Litinin, da sassafe.

Na iske Kaltuma tana daka tun gari bai gama wayewa ba, alhali akwai gari a ƙwarya. Gaban zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi awaki, ta tambayi ciwon gwiwata. Sannan, idonta a kan turmi, ta ce, "Gwaggo, mutanen ɗakinki sun kwana lafiya?"

Mu biyu ne a ɗakin. Na ce lafiya lau.

Danga ce kawai tsakanin ɗakina da nata. Ta san yadda muka kwana.

Laraba.

Yau mako guda. Dauri kullum. Bai riƙe ba.

Alhamis, da azahar.

Sidi ɗan Yaya ya zo sayen hatsi Gangara, ya biyo ta nan. Ban taɓa ganin yaron nan ya shigo gidana bai durƙusa ba sai yau. Na kawo masa ruwa, ya ajiye ƙoƙon a ƙasa.

Ya ce, "Gwaggo, a bakin rijiya na ji ana cewa ƙanwata nononta dafi ne. Na ce ƙarya ne, da gwaggona a gidan ba mai yi mata haka. Sai aka ce mini ai gwaggon ce ta jefa tururuwar da hannunta."

Na ce, "Sidi, sha ruwa tukuna."

Bai sha ba. Ya ce tun da an ce ba ta da amfani ga yaron, za ta je ta ga babansu har mijinta ya dawo a yi magana. Na ce a bari jiƙon ya yi aikinsa. Ya ce jiƙo akwai shi a Belbeji. Na dubi Kaltuma ko za ta ce wani abu. Me za ta ce? Ta ce ba za ta iya barin ɗanta ba, a gaban yayanta da uwar mijinta? Ni na rufe mata wannan ƙofar tun tuni.

Da za su tafi ta tsaya a bakin ɗakina, ba ta shiga ba. Maisuna yana ciki yana shaƙuwa. Ta miƙo mini wani abu a naɗe, ta ce ta ga ya faɗi ne. Majanyi ne sabo, baƙi da ratsin ja, wanda ta kaɗa zarensa da cikin nan. Ba a taɓa ɗaura shi ba. Daga ina zai faɗi?

Asabar, da yamma.

Na gwada masa nonon akuya a ludayi. Duk ɗaya.

Ya fara tari, busasshe, musamman in yana kwance. Muryarsa ta dushe, kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Yau Tata ta kawo masa nono ya kau da kai, ga yunwa ga tsoro. Na lura kamar abin yana ƙona shi in ya taso, don yakan yamutsa fuska ya haɗiye tun ba a ga komai a bakinsa ba.

Zanena duk warin tsami yake. Na wanke na sake wankewa. Da shi nake salla.

Na aika wa Yaya gaisuwa da goro ta hannun masu gishiri.

Litinin.

Zaren ya kai gwiwar hannu.

Talata, bayan azahar.

Da safe na rubuta masa ayoyin neman lafiya a allo, na wanke a ƙoƙo, na rufe da faifai na tafi ɗebo ruwa. Ashe faifan bai zauna daidai ba. Tawadata da ƙaro nake haɗa ta, tururuwa na son ta. Da na dawo na buɗe, ga su nan a kan ruwan, sun mutu.

Na zauna ina kallonsu. Maganar Allah ce a cikin ruwan nan. Wa ya isa ya ce ba shi da kyau?

Na ɗauko ludayin nan, shi ɗin dai. Na zuba ruwan randa na jefa ɗaya, ta mutu. Na zuba nonon akuya, ta mutu. Wata ta samu bakin ludayi ta haye, don kusa da baki ta faɗa. Iyakar hikimar ke nan. Halitta ce da ba ta iya ruwa ba, muka naɗa ta alƙali.

Na yi istigfari saboda tururuwan da na kashe a banza. Ɗaya abin ban san ta inda zan fara ba.

Laraba.

Ban fita ba. Na ce wa Iya Balki gwiwata ce.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Tata ta faɗa mini, tana ta ba ni haƙuri, cewa da wata ya tsaya za su tafi Kano cin rani, ita da mijinta da yara. Ba wata mai goyo a tungar nan sai ita.

Masu gishiri sun dawo. Sun ce sun ba Yaya goron, ya karɓa ya ajiye kawai. Na tambaye su ko sun ga Kaltuma. Sun ce sun ga wata a bakin danga da lulluɓi.

Iya Balki ta ce tun da dauri ya kasa, sai a kai shi wurin wanzami a Gangara a yi masa tsaga a ƙirji, a fitar da abin. Na ce to. Kullum to nake cewa.

Asabar, da magariba.

Zan rubuta wannan daki-daki, don ina tsoron in ƙara ko in rage.

Na tsaya gidan Tata da sassafe. Tana sauri, ana jiran ta a masussuka, ta ba shi kaɗan ta cire, yana ƙorafi. Ba wurin kwantar da shi, hanya zan kama. Na ɗora shi a baya, na ɗaure da majanyin nan, don shi ne a kusa. Rabona da goyo tun ina da ƙarfi.

Ina kusa da gawon da ke rabin hanya na ji ya yi gyatsa, irin ta babban mutum da ya ƙoshi da tuwo. Na tsaya ina jiran in ji ɗumi a bayana. Shiru. Ya yi barci, kumatunsa a tsakanin kafaɗuna.

Wanzamin ba ya nan. An ce an kira shi bariki a Tanut ya yi wa dogaran Nasara aski, ba a san ranar dawowarsa ba. Matarsa tana da goyo, ta ji tausayi ta ba shi ya ɗan sha. Wannan ma na rubuta: ɗanta sunansa Abdu, ya zama ɗan'uwansa. Na sake goya shi na juyo. Har na shigo gida bayana a bushe.

Don murna na kira Tata, ta ba shi ya sha ya cika, na shimfiɗe shi a tabarma. Kafin in kwance ɗankwali ya maido duka.

Na tsaya a kansa. Na tuna gorar da ba ta da marfi: a tsaye ta riƙe ruwa, a kwance ta zubar, kuma in an cika ta har wuya ko motsi kaɗan ya isa. Ban ce haka cikinsa yake ba, Allah ne masani. Abin da na gani na rubuta.

Lahadi, da la'asar.

Na ɗauki tabarmata na bi Tata masussuka, na zauna a inuwar rumbu, nesa da ƙaiƙayi. Na roƙe ta: kaɗan-kaɗan, amma a kai a kai, tun kafin ya yi kuka. Da ta cire sai in ɗora shi a kafaɗa, a miƙe, in riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa, in karanta Yasin a hankali in maimaita, sannan in kwantar da shi rigingine. Na sassauta tsumman da ake ɗaure masa ciki da shi. Na daina hura wuta a ɗakin, hayaƙi na tayar masa da tarin.

Tata ta ce, "Inna, ni saniyarki ce da za ki riƙa tatsa duk sanda kika ga dama? To a ba ni dusa." Na dama mata kunun kanwa. Ta shanye ta ce sauran harawa.

Ya yi tumbuɗi, amma cikin cokali ne, ba cikin ƙwarya ba.

Talata, da hantsi.

Iya Balki ta zo da tukunyar dauri. Na ce a ɗan dakata masa. Ta ce da daurin nan ta raini rabin tungar nan, har da wanda na haifa. Na ce gaskiya ne, Allah ya saka, amma a ɗan dakata. Ta ce tun da na fara karatu a kan tururuwa ai na fi ƙarfinta. Ashe Tata ba ta riƙe magana, kamar mijina Maisuna da nono. Iya ta ɗauki tukunyarta ta fita. Ban ji daɗi ba, ba da mugunta take yi ba. Zan kai mata goro in ƙura ta lafa.

Jiya da yamma ya maido da yawa, na ce shi ke nan, ruɗin kaina nake. Da na bincika, na ga ni na yi gaggawar kwantar da shi don kada magariba ta wuce ni. Yau ya riƙe.

Laraba, bayan azahar.

Akwai abin da nake ta kewayawa.

Ina zaune a masussuka da shi a kafaɗa, sai na ga yadda Kaltuma take shayar da shi tun farko. Ba ta ba shi sai ta ga ba kowa. Gidanmu kuwa ba ya rabo da mata masu zuwa ɗaukar karatu. Sai ya yi ta kuka har a watse, sannan ta shige da shi, ya sha da haɗama, da ta ji takun ƙafa ta shimfiɗe shi ta fito tana gyara zane kamar ba ta san da shi ba. Takun wa take ji? Nawa.

Kuma kwana kaɗan kafin waccan Larabar ta tururuwa, na zagaya bayan rumbu neman kaza, na same ta tsaye. Ta ɗora shi a kafaɗa, tana shafa bayansa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Yana barci, bakinsa a bushe. Na yi gyaran murya. Na ce, "'Yar Malam ce da ɗan fari a kafaɗa, da rana tsaka?"

Ta ce, "Gwaggo, in aka miƙar da shi ba ya..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce ajiye shi. Ta ajiye shi. Kafin in juya ya maido, na ce kin gani, akwai abin da ke cikin nonon nan.

Na duba abin da na sani na karatu, ban ga inda aka ce uwa ta ɓoye ɗanta ba. Al'ada ce, mun gada, kuma ban ce duka banza ce ba. Amma ni da nake ware wa mata farilla da al'ada a tsakar gidan nan, wannan ban ware ba.

Alhamis.

Ya riƙe. Ya yi wa Hadiza murmushi, ko kuwa gyatsa ce ta taso. Wata ya rame sosai.

Juma'a, da la'asar.

Zaren bai ƙara gangarawa ba. Bai koma inda yake ba, kada in faɗi abin da ba haka ba. Tarin yana nan, ya dai ragu. Ba warkewa ya yi ba, lallaɓawa ce, kuma lallaɓawar nan sai da mace mai nono a kusa da shi dare da rana. Tata ta ce za ta ƙirƙiro ciwon ƙafa ta faɗa wa mijinta, ta ja mini kwana biyu bayan tsayuwar wata, ba ƙari. Na ce kada ta yi ƙarya saboda ni. Ta ce to ƙafar tata ce, ita ta san inda take mata ciwo.

Mato mai raƙumi zai tashi zuwa Belbeji gobe da asuba. Daga nan, Yaya, da kai nake.

Ka yi fushi, kuma da gaskiyarka. Ban roƙi ka huce ba. Abin da nake roƙo, ka kira Kaltuma ka karanta mata waɗannan takardu, har da na Larabar shekaranjiya, kada ka tsallake don ka rufa mini asiri. Ka ce mata nononta lafiya lau yake, ba abin da ya taɓa samun sa. In tana ɗaure ƙirji don ya kafe, ta kwance, ta riƙa tatsewa, a dama mata kunun kanwa. Ko ya ragu ta zo haka nan, bakin yaro ke kiran nono.

In ta zo, a tsakar gida za ta zauna ta shayar da shi, duk sanda ya nema, ko mata sun cika gidan. Ta ɗora shi a kafaɗa, ta goya shi da majanyinta, na wanke na ajiye. Zan tara matan da aka tara ranar nan, da Iya Balki, in kawo ludayin da ruwan randa, su gani da idonsu. Wadda ta yi mata dariya da ni za ta yi magana.

In kuma ba ta son ganina, ba ta yi laifi ba. Ka aiko Sidi da raƙumi, in goyo shi in kawo mata, in tsaya a bakin danga in miƙa. Sai dai hanyar kwana biyu ce ba nono, shi ya sa na fi son ta zo.

Ayarin Agadas ya kusa dawowa. Yahuza zai shigo ya tambaye ni matarsa da ɗansa. Ga shi na rubuta sunan, alƙalamin bai karye ba. Da na san haka abin yake da sauƙi.

Mato zai kwana ɗaya ya juyo. Don Allah, Yaya, ka ba shi amsa, ko ta baki ce, ko kalma ɗaya ce. Kada ka bari wata ya tsaya ban ji daga gare ka ba.